Amsa: Harbin Fort Hood ta'addanci ne ko a'a?

Malam, ka tambaya ko abin da Manjo Nidal Hasan ya yi a sansanin soja na Fort Hood ta'addanci ne, ko don shi Musulmi ne aka laƙaba masa sunan. Ta'addanci ne, babu kwana-kwana. Ranar 5 ga Nuwamban 2009 ya buɗe wa abokan aikinsa wuta a jihar Texas, ya kashe mutum 13, ya jikkata fiye da 30, ga saƙonnin imel da ya riƙa aika wa Anwar al-Awlaki, wani malami mai alaƙa da ƙungiyar al-Ƙa'ida, kafin nan. A kotun soja a 2013 da bakinsa ya ce shi ne ya yi harbin, aka yanke masa hukuncin kisa. Abin mamaki ma, ma'aikatar tsaron Amurka ta daɗe tana kiran harin rikicin wurin aiki.

Sai dai laifin a wuyan Hasan yake shi kaɗai, ba a wuyan sauran Musulmi ba. A Afrilun 2014, a wannan sansanin dai, wani soja Ivan Lopez ya kashe mutum 3 sannan ya kashe kansa, kuma ba wanda ya ce mabiya addininsa su fito su ba da haƙuri. Amma in kana musu da wani, kada ka fara da wannan hujjar, balle kare Hasan. Na sha yin musu da abokan aiki waɗanda ba Musulmi ba: da zarar ka ce ai sharri aka yi wa Hasan, sun toshe kunne. In ka fara yin tir da kisan, su da kansu ke tambayarka halin da sojojin Amurka Musulmi suka shiga bayan harin.