Amsa kan tsoffin faifan rawa

Ɗan'uwa ka ce me ya sa tsoffin faifan nan suke daɗewa ganga kawai ba waƙa. Ai don DJ aka yi su, wurin da gangar ke tafiya ita kaɗai nan yake shigo da faifai na gaba ya haɗe su, masu rawa ba su ma jin an canza. Wani nau'in remis kenan, wato a ja waƙa ta yi tsawo saboda filin rawa. Cikin irin waɗannan kiɗan rawa, House daga Chicago ta Amurka ya fito, zamanin DJ Frankie Knuckles, tekno kuma daga Detroit. Mu nan Maradi yaran biki sai katse kiɗa da surutu a mikro, haushi wallahi. Ka nemi kaset ɗin Mamman Sani na 1978 ma, namu ne na Nijar, orga yake kaɗawa.