Tambayi Lauya: Kamfani Daban, Mai Shi Daban

Tambaya: Ni da ƙanena muka kafa kamfani, kowa na da rabin hannun jari, kuma Allah ya sa albarka. Lauya ɗaya ke yi mana komai. Me ya kamata mu rubuta tun muna da rai da lafiya?

Amsa: Malam, ku fara da yarjejeniyar masu hannun jari. Rabi da rabi yana da daɗi muddin kuna shiri, amma ranar da kuka saɓa babu mai rinjaye, sai aiki ya tsaya cik, har albashin ma'aikata ya maƙale. A rubuta sunan mai raba gardama tun yanzu, ko mai sulhu ko darakta na uku.

Batun rasuwa ya fi damun mu. Idan ɗayanku ya riga mu gidan gaskiya, jarinsa ya zama gado, sai mai rai ya wayi gari yana kasuwanci da magadan da ba su san kan sana'ar ba. Yarjejeniyar ta fayyace abu uku: cewa mai rai za a fara yi wa tayin jarin, wanda zai ƙimanta shi, da wa'adin biya. Kada ku yanke farashi yau, domin bayan shekara 5 zai iya zama zalunci ga marayu. A bar wa akanta mai zaman kansa ya ƙimanta a lokacin.

Lauyanku kuwa kamfanin yake karewa. Kafin sa hannu, kowannenku ya kai takardar wurin nasa lauyan.

Tambaya: Banki na bin kamfanina bashi. Za su iya taɓa gidana?

Amsa: Hajiya, idan kamfanin mai iyakantaccen alhaki ne, wato wanda aka yi wa rajista a matsayin Limited, bashinsa nasa ne, ba na mai shi ba. Shari'ar Salomon ta 1897 a Ingila ta kafa wannan ƙa'ida, ƙasashe da yawa kuma suna bin ta. Sai dai ki duba takardun rancen da kyau. In kin jinginar da gidan, ko kin sa hannu cewa ke kika tsaya wa kamfanin, banki zai iya bin dukiyarki, kuma nan ne masu hali suka fi faɗawa. Kotu ma kan janye kariyar idan an fake da kamfani an yi zamba. Ki kai wa lauya kwafin duk abin da kika sa wa hannu kafin ki amsa wasiƙar bankin.