Tambaya da Amsa: Wane ne Italo Balbo, matuƙin jirgin da ya mulki Libiya?

Tambaya: Assalamu alaikum Malam. Ni mutumin Damagaram ne, na yi shekara huɗu ina aikin gini a Misrata. Wani dattijo da muke shan shayi tare ya taɓa gaya mini cewa babbar hanyar bakin teku da ta ratsa garin, wani gwamnan Italiya ne ya fara shimfiɗa ta. Wai matuƙin jirgin sama ne, kuma wai mutanensa ne suka harbo shi. Gaskiya ne? Shi ne kuma ya rataye Shehu Umar Mukhtar?

Amsa: Wa alaikumus salam, ɗan'uwa. Dattijon nan bai yi maka ƙari ba. Sunan mutumin Italo Balbo, ya riƙe gwamnan Libiya daga Janairun 1934 har ranar da ya mutu a 1940. Ba shi ya rataye Umar Mukhtar ba. An rataye Shehun a Suluƙ ranar 16 ga Satumba, 1931, lokacin Pietro Badoglio ne gwamna, Janar Rodolfo Graziani kuma ke jagorantar yaƙin a gabashin ƙasar. Sai dai kada wannan ya sa ka wanke Balbo tas, domin gonar da waɗancan suka share da jini, shi ya zo ya shuka.

An haife shi a 1896 a wani ƙauye kusa da birnin Ferrara. Asalinsa sojan ƙasa ne, a rundunar duwatsu ya yi Yaƙin Duniya na Ɗaya. Da ya dawo gida ya shiga jam'iyyar Mussolini, ya zama shugaban 'yan baƙar riga na yankinsu, waɗanda aikinsu dukan 'yan ƙungiyar ƙwadago ne da ƙona ofisoshinsu. Yana da shekara 26 ya shiga cikin mutum huɗu da suka jagoranci tattakin Rum na Oktoban 1922, wanda ya ɗora Mussolini kan mulki. A 1923 aka kashe wani limamin coci mai suna Giovanni Minzoni a garin Argenta, aka danganta kisan da yaran Balbo, abin da ya kai shi ga sauka daga shugabancin dakarun jam'iyya. Na fara da wannan ne saboda masu yabonsa sukan tsallake shi su fara labari daga sararin sama.

A 1926 aka ba shi ƙaramin ministan sojan sama, alhali bai ƙware da tuƙi ba, sai daga baya ya koya. A 1929 ya zama cikakken minista. Abin da ya ɗaga sunansa shi ne tafiyar ayari. A zamanin da mutum ɗaya ya ƙetare Tekun Atilantika da jirgi ɗaya ake ta yi masa kirari, Balbo ya ce zai ƙetare da garke guda. A ƙarshen 1930 ya tashi daga garin Orbetello na Italiya da jiragen da ke sauka a kan ruwa, ƙirar Savoia-Marchetti S.55, ya bi gaɓar Afirka ta Yamma har Bolama da ke Gini Bisau ta yau. A nan ne wajen tashi da dare aka yi haɗari, mutum biyar suka mutu, sauran suka isa Rio de Janeiro. A Yulin 1933 ya kai jirage 24 har birnin Shikago na Amurka, ya bi ta Holan, Ayilan, Aisilan da Kanada. Shugaba Roosevelt ya gayyace shi cin abinci, aka sa wa wani titi a Shikago sunansa, har matuƙan Ingila suka riƙa kiran duk wani babban ayarin jirage da "balbo". Da ya koma gida aka ɗaura masa muƙamin mashal na sojan sama.

To amma ba a sarki biyu zamani ɗaya. Watanni kaɗan bayan wannan biki Mussolini ya karɓe ma'aikatar ya riƙe da kansa, ya tura Balbo Tarabulus. A takarda ƙarin girma ne. A siyasar Rum kowa ya gane an nisanta shi ne.

Ga abin da ya tarar. Tsakanin 1930 da 1933 an kwashe mutanen Jabalul Akhdar, yankin tsaunuka mai ni'ima a gabashin Libiya, kusan dubu ɗari, maza da mata da yara da dabbobinsu, aka tsare su a sansanonin waya a cikin hamada, irin su Suluƙ, Maƙrun da Uƙaila. Dubun-dubata sun mutu da yunwa da cuta. An ja wayar ƙarfe mai tsawon kusan kilomita 270 a iyakar Masar don toshe wa mayaƙan Sanusiyya hanyar abinci da makamai. An ƙwace zawiyoyin ɗariƙar da filayensu. Kafin Balbo ya sauka a Tarabulus an riga an karya gwagwarmayar, saboda haka bai buƙaci igiyar rataya ba. Da yawa daga cikin masu cewa mulkinsa ya yi sauƙi suna mantawa da wannan.

Ya haɗa lardunan Tarabulus da Barƙa suka zama ƙasa ɗaya mai suna Libiya. Ya gina hanyar da ka tambaya, daga iyakar Tunisiya zuwa iyakar Masar, kimanin kilomita 1,800, kuma leburorin Libiya ne suka fasa duwatsunta cikin zafin hamadar Sirt. Mussolini ya zo ya buɗe ta a Maris 1937. A wannan ziyara ne aka shirya wani biki a wajen Tarabulus, ya hau doki aka miƙa masa takobi da aka kira "Takobin Musulunci", wai shi ne mai kare Musulmi. Shekara biyar da rabi ke nan da rataye Umar Mukhtar. Duk lokacin da na kalli hoton nan sai raina ya ɓaci.

Babban aikinsa shi ne kawo baƙi. A ƙarshen Oktoban 1938 jiragen ruwa suka ɗebo manoman Italiya wajen dubu ashirin a tafiya ɗaya. Kowane iyali ya tarar da farin gida an gama gina masa, da rijiya, da garma, da dabbobi, har da gari da mai an ajiye a ɗakin girki. An gina musu ƙauyuka da coci da makaranta da ofishin jam'iyya, an sa musu sunayen Italiya irin su Oberdan da Crispi. Da yawa daga ƙauyukan nan a kan ƙasar Jabalul Akhdar suke, wadda masu ita suka ƙare a sansani ko aka tura su busasshiyar ƙasa. Haƙiƙa ya gyara masallatai, ya gina wa Larabawa 'yan ƙauyuka, a 1939 kuma aka ƙirƙiro wa Musulmi wata takardar zama ɗan ƙasa ta musamman. Amma takardar ƙasa take da ta Baturen Italiya, kuma ƙasa mai ruwa ta riga ta tafi.

Inda zan ba shi haƙƙinsa shi ne ya fi sauran manyan jam'iyyar hangen nesa. Ya fito fili ya ƙi dokokin wariyar launin fata na 1938 da aka yi wa Yahudawa, ya kuma ƙi ƙawance da Hitler, yana ganin zai jefa Italiya cikin halaka. Duk da haka shi ne a 1936 ya sa aka yi wa wasu 'yan kasuwa Yahudawa bulala a bainar jama'a a Tarabulus saboda sun ƙi buɗe shago ranar Asabar. Kuma da Italiya ta shiga yaƙi ranar 10 ga Yuni, 1940, bai ajiye aiki ba, ya karɓi jagorancin rundunar Arewacin Afirka.

Kwana goma sha takwas bayan haka, ranar 28 ga Yuni da yamma, ya tashi daga Darna zuwa Tubruƙ a jirgin yaƙi ƙirar SM.79. Ya iso ne daidai lokacin da jiragen Ingila suka gama zuba bama-bamai a filin jirgin, hayaƙi bai ko lafa ba. Masu bindigogin kakkaɓo jirage na ƙasa da na jirgin ruwan yaƙi San Giorgio da ke tsaye a tashar suka hango jirgi ya taho ƙasa-ƙasa, suka buɗe masa wuta. Jirgin ya faɗi ya kama da wuta, ba wanda ya fita. Nan take jita-jita ta bazu cewa Mussolini ne ya sa aka kashe shi, amma masana tarihi da suka bi diddigin lamarin sun fi tsayawa a kan cewa kuskure ne na sojojin da ke cikin firgici. Sojan saman Ingila sun jefo furanni da takardar ta'aziyya daga kwamandansu Arthur Longmore.

Bayan mutuwarsa aka sa wa hanyar suna Via Balbia, aka kuma aiko Graziani, wanda ya kama Umar Mukhtar, ya gaje kujerarsa. An binne Balbo a Tarabulus. A 1970, da Gaddafi ya kori ragowar 'yan Italiya daga ƙasar, aka tone ƙasusuwansa aka mai da su Orbetello, inda jiragensa suka saba tashi.