Tambaya da Amsa: Me ke sa bangon mujallar fim ya tsayar da mai wucewa?

TAMBAYA: Assalamu alaikum. Mu matasa huɗu ne a unguwar Bagalam, Maradi, mun buga fitowar farko ta mujallarmu kan finafinan Hausa. Duk wanda ya karanta ciki ya yaba, amma a teburin mai jarida ba mai ko ɗaga ta. Jarumai tara muka jera a bango da kanun labari goma sha biyu, kuma fuskokin sun fito da duhu. Ina muka kuskure?

AMSA: Wa alaikumus salam, ƙannenmu. Allah ya yi wa ƙoƙarinku albarka. Kun cika bangon ne har ya rasa bakin magana. Mai wucewa ta bakin babbar kasuwa ko tasha ba tsayawa yake yi ya karanta ba, kallo ɗaya yake yi daga taku uku ko huɗu, da rana a ka, da kaya a hannu. Fuska tara daga wannan nisa duk tabo ne. Ku zaɓi fuska ɗaya, ko biyu in labarin na mutum biyu ne, ta ci fiye da rabin shafi, idon kuma ya kalli mai saye kai tsaye.

Amma kafin hoto, ku tambayi kanku: wa zai ciro kuɗinsa? Nan ne aikin yake, kuma nan aka fi yin sakaci. In matan gida da ƴan mata kuke nufi, su suna duba ɗinki, da ɗaurin kallabi, da yadda aka yafa mayafi, da zanen lalle. To kada ku yanke hoton a wuya, ku bar shi ya sauko har ƙirji, hannu ya fito, launin bango ya bi launin atamfar. In samarin fada da ƴan kabu-kabu ne, sai a matso da fuska, a sa baƙi da ja da rawaya, haruffa masu kauri. Ba za a jefi tsuntsu biyu da bango ɗaya ba. Akwai kuma abin da mai tsara mujalla a ƙasar Hausa ba ya mantawa: mujallar za ta shiga gida. Hoton da yarinya za ta ji nauyin ajiyewa a gaban mahaifinta, ko amarya a gaban uwar mijinta, zai tara ƴan kallo a tebur, amma kuɗi ba zai fito ba.

Sunan mujalla ya zauna a kashi ɗaya cikin uku na sama, domin mai jarida yakan ɗora wata kan wata, kai kawai ake gani. Kada ku riƙa sauya masa siffa kowace fitowa. Mujallar Fim, da ta fara fitowa a 1999, gajeren sunanta ya ba ta damar yin manyan haruffa da ake hangowa daga nesa. In naku dogo ne, ku gajarta.

Kanu babba ɗaya, kalma uku zuwa biyar, sai ƙanana uku ko huɗu a gefe, kada ko ɗaya ya hau fuska. Salon haruffa biyu ya isa. Muna kuma roƙonku, abin da kuka yi alkawari a bango a same shi a ciki. Kanun da ya ƙaga wa jaruma aure ko saki zai sayar da fitowa ɗaya, ya zubar da mutuncin baiwar Allah, ya kore muku masu karatu.

Batun duhun fuska kuwa, waya da kwamfuta da haske suke nuna launi, takarda da tawada. Injin maɗaba'a launi huɗu yake haɗawa, wanda ake kira CMYK, ko CMJN a bakin masu Faransanci, kuma tawada tana ɗan baje a takarda, sai inuwa ta ƙara duhu. Baƙar fata ta fi shan wannan wahala. Ku mayar da hoton tsarin launi huɗu tun a kwamfuta, ku ɗan buɗe hasken inuwar fuska, ba wai ku yi wa mutum bilicin ba, sannan ku nemi a buga muku gwaji ɗaya ku duba a hasken rana kafin a saki inji. Bangon A4 yana buƙatar hoto mai ɗigo kamar 2480 a faɗi da 3508 a tsawo. Wanda aka turo ta WhatsApp a matsayin hoto an matse shi, ku ce a turo shi a matsayin fayil. Ku bar rarar milimita 3 a kowane gefe saboda wuƙar yanka, rubutu kuma ya janye ciki da milimita 5. Takardar bango ta kai nauyin giram 200 zuwa 250 a kowane murabba'in mita, a shafa mata leda saboda ƙurar hunturu da gumin hannu. Ranar Maradi tana cin rawaya da ja kafin shuɗi, don haka ku roƙi mai tebur ya riƙa sauya kwafin da ke sama.

TAMBAYA: Ni ɗaliba ce daga Tibiri. Me ya sa ƙ da ɗ suke fitowa kamar ƙaramin akwati a kanun wasu mujallu?

AMSA: Ƙanwarmu, salon haruffan da aka zaɓa ne ba shi da masu lanƙwasa. Kafin a fara aiki a gwada ɓ, ɗ, ƙ, ƴ, manya da ƙanana, a ga sun fito da kauri ɗaya da sauran. Sannan a tura aikin maɗaba'a a PDF da haruffan a ƙunshe ciki, domin kwamfutarsu ba lalle tana da irin naku ba. In mujallar za ta ƙetara Ɗan Isa zuwa Jibiya da Katsina, a tuna can 'y suke rubutawa inda muke sa ƴ. A zaɓi ɗaya, a bi shi daga bango har shafin ƙarshe.