Dalilin da Ya Sa Ba a Goge Ƙarfen Gaɓa Ya Yi Santsi

Ɗana, Allah Ya yi maka albarka. Ka tambaye ni me ya sa al'adar masu ƙera ƙarfen titaniyam da ake dasa wa mutum a kwatangwalo ita ce su bar jikinsa da kaushi, alhali a ganinka abin da zai zauna cikin jiki santsi ya kamace shi. To, wannan al'ada ba a banza aka gaje ta ba.

Tun a 1952 wani likita ɗan ƙasar Suwidin, Per-Ingvar Brånemark, ya sa titaniyam a ƙashin zomo, da ya zo cirewa ya tarar ƙashin ya riƙe shi gam. Sirrin yana fatar ƙarfen. Da zarar iska ta taɓa shi sai ya yi wata 'yar siririyar fata da ke hana shi tsatsa, kuma ita jiki ke haɗuwa da ita, shi ya sa ba ya ƙyamarsa.

Amma rashin ƙyama daban, riƙo daban. Ka ga yadda magini ke caccaka bango kafin ya yi yaɓe? Haka ake wa sandar titaniyam ɗin, wato ɓangaren ƙarfen da ke shiga ɓargon ƙashin cinya. A feshe ta da tsakuwa mai laushi, ko a sa asid ya ɗan ci fuskarta, ko a narka garin titaniyam a fesa mata har ta yi ramuka masu faɗin kamar milimita 0.1 zuwa 0.4. Cikin ramukan nan sabon ƙashi ke tsirowa ya kafe ta. Wasu kan ƙara shafa mata sinadarin kalsiyam da fosfet, irin wanda ƙashi kansa ke ɗauke da shi, don ya saba da ita da wuri. In kuwa ba ta kafu ba tana ɗan motsi, nama mai zare-zare ne zai kewaye ta, daga nan sai ciwo, sai sake tiyata.

Duk da haka ganinka bai faɗi ƙasa ba. Kan sandar, mai kama da ƙwallo, da ke juyawa cikin kwarmin kwatangwalo dole ya yi sumul, kuma galibi ba da titaniyam ake yinsa ba, don ba ya jure guga. Da tangaran ake yi ko haɗin kobalt da kuromiyam. Ɓurɓushin da guga ke fitarwa kan tayar da garkuwar jiki, har ƙashin da ke kewaye ya riƙa zaizayewa.

Abin da ya fi damuna shi ne ƙwayoyin cuta. Ramukan da ƙashi ke so, su ma suna so, kuma in suka lafe ciki magani da ƙyar yake kai musu. Shi ya sa ake gwada shafa wa wasu ƙarafan azurfa. Tunda wannan fanni ka nufa, nan nake so ka fi zuba ido.