Ina Zan Tuƙa Keke Hankali Kwance a Jos?

Tambaya: Na sayi keke domin motsa jiki, amma cunkoson Terminus, cibiyar kasuwanci a tsakiyar Jos, yana tsorata ni. Wace hanya ta dace da mai shekara 50? Daga wani mai karatu a Bukuru.

Amsa: Malam, ka fara da unguwar Rayfield bayan sallar asuba, domin hawa ba shi da yawa a can, kuma za ka ratsa gefen tafkunan da haƙar kuza ta bari, ruwansu kwance, hazo na tashi a kansu. Kada ka yi gaggawa, domin Jos tana bisa tudu mai tsayin kusan mita 1,200, kuma numfashi yakan riga ƙafa gajiya.

Idan ƙafa ta yi ƙwari, sai ka miƙa zuwa Vom. Hanyar Lamingo mai nufar Duwatsun Shere, waɗanda suka haura mita 1,800, ta gwanaye ce, kuma gangararta tana bukatar birki mai kyau, saboda haka a kai keken wurin bakanike tukuna.

Hawan Kibo kuwa, wato babban hawan da ke kan hanyar Jos zuwa Akwanga, ina roƙonka ka bar wa manyan motoci. Ka fita tare da abokai, ka sa hular kwano da rigar sanyi a lokacin hunturu.