Wurin Maldibs da wurin Zanzibar

Ɗana, saƙonka ya iso ni bayan la'asar. Tambaya biyu ka cusa mini a buhu ɗaya: ko al'ada ta yarda ka ɗauki amarya washegarin tarewa ku hau jirgi, sannan tsakanin Zanzibar da Maldibs, tsibiran nan na tekun Indiya, ina ya fi dacewa da ku.

Ta farkon ba haram ba ce, kada wani ya ruɗe ka. Amma kwana bakwai ɗin nan da kake gani kamar zaman banza, ba don ku biyu kaɗai aka ajiye su ba. A cikinsu ake buɗar kai, a kawo gara, gwaggwanni su taso daga ƙauye da kuɗin motarsu su zo ganin ɗaki. In suka tarar da kwaɗo a ƙofa, kai ba wanda zai ce maka uffan. Ita za a ɗora wa, kuma shekara goma ana suna ko biki wata tsohuwa za ta tuno. Ku cika bakwai ɗinku, ka kai ta ta gaida mahaifanka, ku je nata gidan, ka zauna a ƙasa ka gaya wa mahaifinta da bakinka inda za ku da ranar dawowa. Ba ta waya ba. Daga nan hanya taku ce.

To, tsibiran. Na yi dariya da na ga sunayen, don su biyun nan sun daɗe da shigowa ƙasar Hausa kafin kai ka yi tunanin zuwa musu. Ka san kalmar kuɗi jam'in wuri ce? Ƙaramin farin wurin da kakanninmu suka yi ciniki da shi a kasuwar Kurmi, daga ruwan Maldibs ake tsamo shi. Daga baya, a tsakiyar ƙarni na 19, 'yan kasuwar Jamus suka riƙa lodo wani wuri mai ɗan girma daga gaɓar Zanzibar suna jibgewa a Afirka ta Yamma, har ya yi yawa darajarsa ta zube. Kanumfarin da innarka ke jefawa a kunu da turaren wuta ma, Zanzibar da ƙanwarta Pemba ne suka yi suna da shi tun zamanin da Sarkin Oman Sayyid Sa'id ya mayar da fadarsa can.

Maldibs ƙasar Musulmi ce tsantsa, tun 1153 sarkinsu ya musulunta, kuma dokarsu ba ta ba wanda ba Musulmi ba zama ɗan ƙasa. Za ka ce shi ke nan, gida ne. Dakata. Tsibirai ne sama da dubu, ƙanana, kuma tsarinsu shi ne otal guda ya mallake tsibiri guda. Hotunan ɗakunan kan ruwa da amaryarka ke nuna maka, a irin waɗannan ake ɗaukarsu. Can ne aka keɓe wa baƙi giya da shigar da ba za ka so ka zauna kusa da ita da matarka ba, mutanen ƙasar kuwa suna wasu tsibiran dabam. Sai ka kwana biyar ba ka ga kasuwa ba, ba ka bi jam'i a masallacin unguwa ba, ga tsada, don ko ruwan sha jirgi ke kawo shi ko inji ya tace. Tun wajen 2009 an bar mutanen gari su buɗe masauki a tsibiransu, irin Maafushi, kuma in kun dage sai Maldibs, can zan tura ku. Za ku karya da mas huni, wato kifi da kwakwa da albasa, ku ga tsohon masallacin Juma'a na Male, babban birninsu, da aka gina da dutsen murjani.

Ni dai Zanzibar na zaɓar muku, kuma ba na ɓoye cewa akwai son zuciya a ciki, don na taɓa kwana tara a can. Gari ne mai mutane. A Mji Mkongwe, tsohon birninsu, lunguna ne matsattsu irin na cikin ganuwa, ƙofofin katako masu sassaƙa, dattawa sanye da kanzu, wato doguwar rigarsu, da hula suna shan gahawa a dakali. Da magariba a je Forodhani bakin ruwa a ci gasasshen kifi da ruwan rake. Ka kai ta kasuwar Darajani ta sayi kanga, zanen matansu. Ka kuma kai ta inda kasuwar bayi take, wadda aka rufe a 1873 aka gina coci a gurbinta. Wurin ba daɗi, amma ya kamata ku gani.

Su ma suna da nasu ladabin, ka kiyaye. Yaro ba ya wuce babba sai ya ce "shikamoo", babban ya amsa "marahaba". Ka yi wa tsoho haka, ka ga yadda fuskarsa za ta washe. Kada ka ɗauki mace hoto ba izini, musamman masu noman ciyawar teku a gaɓar gabas. Riƙe hannu da wasan ango da amarya a bar shi a ɗaki. In tafiyar ta faɗo cikin azumi, ba a cin abinci a titi da rana. Amaryarka ba ta da matsalar sutura, mayafinta da abayarta ma sun sa ta saje da matan gari. Sai dai kada ka ɗauka ko'ina haka yake, a ƙauyukan bakin teku na Nungwi da Paje akwai otal-otal na Turawa da duk abin da na faɗa maka game da Maldibs, don haka ka tambaya kafin ka biya.

Ku guji Maris zuwa Mayu, daminarsu ce mai ƙarfi. Ku riƙe katin rigakafin shawara, ana iya nemansa a filin jirgi. Sannan ga abin da ya taɓa kayar da ni: agogonsu daga fitowar rana yake fara ƙirga. Mai kwalekwale ya ce mini "saa mbili", na tambaya aka ce ƙarfe biyu ke nan, na yi kwanciyata sai bayan azahar. Ashe takwas na safe yake nufi. Na iso bakin ruwa da hulata a karkace, mutumin ya daɗe da kai wasu ya dawo.

Ka gaida mahaifiyarka, ka ce mata ina nan tafe kafin ranar kamu. Innarka ta ce mudu guda na kanumfari, na Pemba in an samu.